Walter Gropius: Mutumin Da Ya Ɗaura Wa Fasaha Aure Da Inji

Akwai wata kujera da babu ɗalibin da bai taɓa zama a kan irinta ba, wadda aka lanƙwasa bututun ƙarfe aka yi mata ƙafafu, aka ɗora mazauni a kai, babu sassaƙa babu ado. Akwai kuma ginin nan mai kama da akwati, fari fat, rufinsa a shimfiɗe, tagoginsa a jere kamar an ja su da rula. Mun saba ganinsu har mun ɗauka haka duniya ta taso ta same su. Alhali shekara 100 da 'yan kai da suka wuce, duk wanda ya zana irin wannan sai an ce ya taɓu. Mutane ne suka yi ta gardama a kai, wasu suka rasa aikinsu, wasu ma har ƙasarsu.

A wannan fitowar na ɗauko muku tarihin ɗaya daga cikin jagororinsu, wato Bajamushen nan Walter Gropius, wanda ya kafa makarantar Bauhaus. Abin da ya sa na zaɓe shi kuwa, tambayar da ya ƙare rayuwarsa yana kokawa da ita, ita ce dai muke kwana da ita muke tashi da ita a kwalejin fasaha: tsakanin mai biro da mai guduma wane ne babba, kuma ina matsayinsu su biyun idan inji ya shigo fage?

Ɗan gado da bai iya zane ba

An haife shi a birnin Balin ranar 18 ga Mayu, 1883. Gidansu gidan gini ne gaba da baya. Mahaifinsa jami'in gine-gine ne na gwamnati, ɗan'uwan kakansa kuma, Martin Gropius, sanannen mai zanen gini ne wanda har yau akwai wani katafaren gini a Balin da ke amsa sunansa. A 1903 Walter ya fara karatun zanen gini a Munik, daga baya ya dawo Balin ya ci gaba, amma a 1907 ya ajiye karatun ya tafi, ko takardar shaida bai karɓa ba.

Ga abin da zai ba ku mamaki. Mutumin nan da duniya ke kira uban zanen zamani bai iya zane ba. Da ya riƙe fensir na ɗan lokaci sai hannunsa ya ƙage. Tun yana makaranta sai da ya ɗauki wani yana taya shi zanen da aka ba su. To kada wani ya je ya ba da furojet ɗinsa kwangila ya ce ni na ba shi fatawa, ku dai tsaya ku ji yadda ta kaya. Wannan rauni ya tilasta masa koyon wani abu da yawancin gwanaye ba su damu da shi ba, wato ya zauna da mutum ya yi masa bayanin abin da ke cikin kansa dalla-dalla, har mutumin ya fitar da shi a takarda, su yi gardama, a goge, a sake. Duk wani gini da ake jingina masa, akwai hannun wani a ciki. A ganina daga nan ya samo aƙidarsa ta cewa gini aikin gayya ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A 1908 ya sami aiki a ofishin Peter Behrens. Shi Behrens shi ne mai ba da shawara kan zane na kamfanin AEG, babban kamfanin kayan lantarki na Jamus. Shi ke zana musu butar dafa ruwa da fanka da fitila da tambarin kamfani, har da ita kanta masana'antar, kamar babban zauren ƙera injinan wutar lantarki da aka gama a Balin a 1909. A lokacin, mai fasaha da ya san darajar kansa hotunan sarakuna yake zanawa ko ya gina fada da coci, masana'anta kuwa aikin injiniya ce, wurin hayaƙi da baƙin mai. Behrens ya nuna ba haka ba ne. Ku duba ku ga matasan da suka ratsa ta wannan ofis a tsakanin 'yan shekaru: Gropius, da Mies van der Rohe, da wanda daga baya ya zama Le Corbusier. Su ukun nan su ne suka juya akalar zanen gini a ƙarni na 20.

Masana'antar gilashi

A 1910 Gropius ya buɗe ofishin kansa tare da abokin aikinsa Adolf Meyer, wanda shi ne mai riƙe fensirin. A shekarar kuma ya rubuta wa shugaban AEG wata doguwar takarda yana ba da shawara a riƙa ƙera sassan gida a masana'anta, ƙofa da taga da bango da matakala, duk a kan awo ɗaya, a kai fili a harhaɗa, don gida ya yi arha talaka ya samu. Ba a ɗauki shawarar ba. Amma ku riƙe wannan magana, don ita ce za ta bi shi har tsufansa.

A 1911 wani ɗan kasuwa, Carl Benscheidt, ya ba su aikin masana'antarsa mai suna Fagus a garin Alfeld, inda ake sassaƙa katakon nan mai siffar ƙafa da ake ɗora fata a kai a ɗinka takalmi. A nan Gropius da Meyer suka yi abin da ya sa aka san su. Tun fil azal, kusurwar gini ita ce inda ake zuba ƙarfi, a nan ake kafa ginshiƙi mafi kauri. Su kuwa sai suka cire ginshiƙi daga kusurwa, suka bar gilashi ya haɗu da gilashi, bangon ya zama kamar labule na gilashi da siririn ƙarfe. Haske ya cika wa ma'aikata ɗaki, wanda ke waje kuma yana ganin aikin da ake yi a ciki. Har yau masana'antar tana aiki, kuma a 2011 hukumar UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya.

A 1913 ya buga wata maƙala da hotunan rumbunan hatsi na kankare da masana'antun Amurka, yana nuna wa Turawa cewa waɗannan gine-gine da babu wanda ya yi musu kwalliya sun fi gidajen da ake liƙa wa furannin siminti kwarjini. Har jirgin ƙasa ya zana wa jiki a wannan lokaci. Saurayi ne ɗan shekara 30 da ya ɗauka inji zai warware wa ɗan Adam komai.

Yaƙi ya nuna masa ɗaya fuskar injin

Sai yaƙin duniya na farko ya ɓarke a 1914. Gropius ya shafe kusan duk shekarun yaƙin a fagen daga, ya ji rauni, akwai ma lokacin da gini ya rufta a kansa aka tono shi da rai. Ya ga da idonsa yadda bindiga mai sarrafa kanta da igwa, waɗanda su ma a masana'anta aka ƙera su a kan awo ɗaya, suke girbe samari kamar ana girbin gero. A cikin yaƙin, a 1915, ya auri Alma, matar marigayi mawaƙi Gustav Mahler, suka haifi 'ya ɗaya, Manon. Auren bai yi ƙarko ba, ya mutu a 1920, yarinyar kuma cutar shan inna ta yi ajalinta a 1935 tana da shekara 18.

Wannan ne ya sa idan ka duba Bauhaus ta farko za ka ga ba makarantar injina ba ce sam. A watan Afrilu na 1919, a garin Weimar, gwamnatin jiha ta ba shi jagorancin makarantu biyu, ta masu zanen hoto da ta sana'o'in hannu, shi kuma ya haɗe su wuri ɗaya ya raɗa musu suna Bauhaus, wato gidan gini. A bangon takardar da ya fitar ta manufofin makarantar, hoton tsohuwar majami'a aka sa, kiran da ya yi kuma shi ne masu fasaha su koma ga aikin hannu, a rushe katangar girman kai da ke tsakanin mai zane da mai sana'a.

Tsarin karatun shi ya fi burge ni. Ya soke laƙabin farfesa. Malami sunansa gwani, ɗalibi kuma ɗan koyo, kamar yadda ake yi a shagon maƙeri. Kowa sai ya fara da kwas na share fage na wata 6, inda zai yi ta wasa da katako da takarda da ƙarfe da zare har ya gane halin kowanne. Daga nan ya shiga wakshop guda: kafinta, ko ƙira, ko saƙa, ko ginin tukwane, ko ɗab'i. Kowane wakshop kuma shugabanni biyu gare shi, ɗaya mai fasahar zane, ɗaya ƙwararren mai sana'a, don a lokacin babu mutum ɗaya da ya haɗa ilimin biyu, kuma burin makarantar ke nan, ta samar da shi. Ya jawo manyan masu zane irin su Paul Klee da Wassily Kandinsky suka zo suna koyarwa kafaɗa da kafaɗa da kafintoci.

Mai kula da kwas ɗin share fagen, Johannes Itten, wani irin mutum ne. Ƙwal yake aske kansa, ya sa doguwar riga irin ta masu zuhudu, ya sa ɗalibai atisayen numfashi kafin a fara darasi, abincin kantin makaranta kuma ya cika shi da tafarnuwa saboda wata aƙida da yake bi. Shi a wurinsa fasaha tarbiyyar ruhi ce, babu ruwanta da kasuwa.

Kiɗa ya canza

Amma makaranta ba ta rayuwa da numfashi. Kuɗin Jamus yana ta karyewa, 'yan majalisar jiha suna tambaya me ake tsinanawa da kuɗin jama'a a wannan gida na masu baƙin tufafi da gashi buzu-buzu. Gropius kuma ya zauna ya yi lissafi: kujerar da gwani ya kwana bakwai yana sassaƙawa, attajiri kaɗai zai iya saya. Idan ana son kyakkyawan kaya ya shiga ɗakin lebura, to dole a bi ta masana'anta. Suka sami saɓani da Itten, Itten ya tafi a 1923, aka ɗauko wani matashi ɗan ƙasar Hangare, László Moholy-Nagy, wanda kayan aikin makanikai yake sawa ya shiga aji. A baje kolin da makarantar ta yi a wannan shekara, Gropius ya shelanta sabuwar alƙibla, cewa daga yanzu fasaha da kimiyyar injina abu ɗaya ne. A shekarar ce kuma ya auri Ise Frank, wadda ta zama mai tace rubuce-rubucensa da riƙe masa harkoki har ƙarshen rayuwarsa.

Ku lura da abin da wannan sauyi yake nufi, don nan ne zuciyar maganar. Bai rufe wakshop ba. Ya mai da shi wurin gwaji. Ɗalibi zai ƙera samfuri da hannunsa, amma tun daga farko yana tunanin yadda inji zai maimaita shi sau dubu. Ado ya faɗi ke nan, saboda kowane lanƙwasa na banza ƙarin kuɗi ne da ƙarin lokaci. Kyau sai ya koma cikin daidaiton awo da gaskiyar kayan da aka yi aiki da su: ƙarfe ya fito a ƙarfensa, gilashi a gilashinsa, kada a shafa wa siminti fenti a ce marmara ne.

Faɗa da baki ya fi aikatawa sauƙi. Fitilar tebur da wani ɗalibi, Wilhelm Wagenfeld, ya ƙera a 1924, wadda har yau ake sayar da irinta, da aka kai ta kasuwar baje koli ta Leipzig dillalai dariya suka yi. A ido kamar kayan inji mai arha, amma da hannu aka yi ta, farashinta kuma ya fi ƙarfin talaka. Haka butar shayin Marianne Brandt ta wannan shekara. Sai da aka ɗauki lokaci kafin kamfanoni su fara karɓar zanen makarantar, kamar fitilun Kandem da Brandt da abokan aikinta suka zana wa wani kamfani a Leipzig, waɗanda aka ƙera da yawan gaske. Ita kuwa kujerar da na fara da ita, asalinta daga Marcel Breuer ne, tsohon ɗalibin makarantar da ya zama malami. Kan kekensa ya duba ya ga yadda aka lanƙwasa bututun ƙarfe, ga ƙarfi ga rashin nauyi, ya ce me zai hana a yi kujera da shi. Wajen 1925 ke nan.

Dessau

A 1924 masu ra'ayin riƙau suka ci zaɓe a jihar, suka zaftare rabin kuɗin makarantar. A 1925 Bauhaus ta tattara komatsanta ta koma Dessau, garin masana'antu inda kamfanin Junkers ke ƙera jiragen sama. Magajin garin, Fritz Hesse, ya ba su fili da kuɗi, Gropius da ofishinsa suka zana sabon gini, aka buɗe shi ranar 4 ga Disamba, 1926. Ɓangaren wakshop bangon gilashi ne tun daga ƙasa har hawa na uku. Akwai ɓangaren makarantar koyon sana'a ta garin, akwai gada da ta tsallake titi wadda ofisoshi ke cikinta, akwai kuma ɗakunan kwanan ɗalibai 28, wasunsu da 'yar barandarsu. Ginin ba shi da fuska guda da za ka tsaya ka ce nan ne gaba, sai ka zagaya shi kafin ka gane shi.

A unguwar Törten kuma, daga 1926 zuwa 1928, ya sami damar gwada tsohon mafarkinsa. Gidaje 314 aka gina wa masu ƙaramin ƙarfi, kowanne da filin shuka kayan lambu a baya. An mai da filin ginin kansa masana'anta. A nan ake buga bulo da dogayen sandunan kankare, injin ɗaga kaya yana tafiya a kan dogo yana ajiye su, kowace ƙungiyar leburori aiki ɗaya take maimaitawa daga gida zuwa gida, kamar yadda ake harhaɗa mota.

To a nan fa gizo yake saƙar. Ba a daɗe ba bango ya fara tsagewa. Tagogin ƙarfen an kafa su can sama, mai zaune a ɗaki ba ya ganin waje, sanyi kuma yana shigowa. Mazauna suka yi ta ƙorafi, da yawansu suka fasa bango suka sa irin tagar da suka saba da ita. Shi kansa ginin makarantar, wanda ake ɗaukar hotonsa ana yaɗawa a duniya, da zafi ya zo sai wakshop ya zama tanda, da hunturu kuma ya zama firji. Tsarin aikin injin ɗaga kaya ya fi samun kulawa a kan matar da za ta zauna a ɗakin tana son ta hango yaranta a waje.

Akwai wani tabon kuma. Da aka buɗe makarantar an yi alkawarin babu bambanci tsakanin mace da namiji, mata kuwa suka yi tururuwa har suka fi maza yawa a zangon farko. Da Gropius ya ga haka sai aka shiga karkatar da su zuwa wakshop ɗin saƙa. Ikon Allah, saƙar nan da aka raina ta zama cikin sassan da suka fi kawo wa makarantar kuɗi, ta fitar da gwanaye irin su Gunta Stölzl da Anni Albers.

Guguwar Hitila

A 1928 Gropius ya sauka daga shugabanci ya koma Balin, inda ya zana rukunin gidajen ma'aikata, har da jikin motocin kamfanin Adler. Hannes Meyer ya gaje shi, aka kore shi a 1930 bisa zargin gurguzu, sai Mies van der Rohe ya karɓa. 'Yan Nazi sun tsani makarantar. A wurinsu matattarar baƙi ce da Yahudawa da 'yan gurguzu. Ko shimfiɗaɗɗen rufi, irin wanda mu muka gada a soro ba mu ɗauke shi komai ba, cewa suka yi ba na Jamusawa ba ne. Har katin hoto aka buga na wata unguwar zamani a Stuttgart, wadda Gropius yana cikin waɗanda suka gina ta a 1927, aka liƙa mata raƙuma don a nuna ƙauyen Larabawa ce. A 1932 suka rufe makarantar a Dessau. Ta koma wata tsohuwar masana'antar tarho a Balin, 'yan sanda suka kai mata samame ranar 11 ga Afrilu, 1933, a watan Yuli malamai suka rushe ta da kansu. Shekara 14 kacal ta yi a duniya, ɗalibanta duka-duka wajen 1,250.

Gaskiya ɗaya ce, shi ma Gropius bai fice nan take ba. Ya shiga gasar zanen babban bankin ƙasa a 1933, yana fatan sabuwar gwamnati za ta karɓi salon zamani. Da ya ga babu haske, a 1934 ya fake da halartar wani taro a Italiya, daga can shi da matarsa suka wuce Landan. Akwai kuma wani abu da duk mai koyon fasaha ya kamata ya tsaya ya yi tunani a kai. Otti Berger, gwanar saƙa da ta fito daga Bauhaus, a sansanin Auschwitz aka kashe ta a 1944. Fritz Ertl, shi ma tsohon ɗalibin Bauhaus, yana cikin waɗanda suka zana ɗakunan tsare mutane a wannan sansani. Makaranta ɗaya, ilimin awo ɗaya. Ilimin tsara abu ya yi arha ya yi sauri ba ya tambayar wanda ya riƙe shi me zai yi da shi.

Daga Landan zuwa Harvard, da reshen da ya iso Kaduna

A Ingila ya yi haɗin gwiwa da wani matashin mai zanen gini, Maxwell Fry, suka zana makarantar Impington kusa da Kambirij, wadda aka gama a 1939. Ku riƙe sunan Fry, don ta nan labarin ya taɓo mu. Bayan yaƙin duniya na biyu, shi da matarsa Jane Drew sun yi aiki sosai a Afirka ta Yamma. Su suka zana Kwalejin Jami'a ta Ibadan, su kuma suka zana filin wasa na Ahmadu Bello da ke Kaduna a tsakiyar shekarun 1960. Sun gane bangon gilashi irin na Dessau ba zai yi a ƙasar rana ba, sai suka koma ga bulo mai huji-huji da doguwar baranda, iska ta ratsa, rana ta tsaya a waje. Haka kuma Arieh Sharon, wanda ya yi karatu a Bauhaus, shi ya tsara harabar Jami'ar Ife.

A 1937 Jami'ar Harvard ta Amurka ta gayyaci Gropius, mutumin da ba shi da digiri, ya zama farfesa, ya shugabanci sashen zanen gini daga 1938 zuwa 1952. Cikin ɗalibansa akwai I. M. Pei da Philip Johnson da Paul Rudolph. A 1938 aka yi babban baje kolin Bauhaus a Niyok, amma shekarun mulkinsa kaɗai aka nuna, 1919 zuwa 1928, kamar waɗanda suka biyo bayansa ba su yi komai ba. Hotunan da suka sa duniya ta san ginin Dessau kuwa, Lucia Moholy ce ta ɗauke su. Ta gudu daga Jamus ta bar ainihin faifan hotunan, suka faɗa hannun Gropius, ya yi shekaru yana amfani da su ba tare da ambaton sunanta ba, sai a 1957 ta karɓo wani kaso bayan doguwar takaddama. Mai wa'azin aikin gayya ke nan, da aka zo rabon suna sai hannunsa ya yi nauyi.

Mafarkin 1910 bai sake shi ba. A shekarun 1940 shi da Konrad Wachsmann suka ƙirƙiro gidan da ake ƙera sassansa a masana'anta, a loda a mota, a harhaɗa a fili. Aka kafa kamfani, aka buɗe masana'anta a Kalifoniya, aka zuba kuɗi. Gidajen da aka sayar ba su wuce 200 ba kamfanin ya durƙushe. Zanen ya yi, amma an ɓata lokaci ana ta gyaran maƙalar da ke haɗa bango da bango, kasuwa kuma ba ta jira.

A 1945, yana da shekara 62, ya haɗu da matasa 7, biyu daga ciki mata, suka kafa ofishin haɗin gwiwa mai suna TAC, inda ake tattauna kowane aiki a taron mako. Su suka zana Jami'ar Bagadaza a Iraƙi da ofishin jakadancin Amurka a birnin Atina na Girka. Yana kuma cikin waɗanda suka zana benen Pan Am mai hawa 59 a Niyok, wanda aka buɗe a 1963, mutanen gari suka yi ta tsine masa saboda ya tokare musu titi ya rufe sama. A Balin ma an gina wata ƙatuwar unguwa bisa tsarinsa. Shi gajerun benaye ya fi so a yi, amma da aka gina katangar Balin a 1961 fili ya yi ƙaranci, hukuma ta cusa gidaje ta miƙa benaye har hawa 30. Unguwar, wadda aka sa wa sunansa, ta yi ƙaurin suna wajen kaɗaici da lalacewar matasa. Ya mutu a Boston ranar 5 ga Yuli, 1969, yana da shekara 86. A 1996 UNESCO ta sa gine-ginen Bauhaus na Weimar da Dessau cikin wuraren tarihi na duniya.

Abin da na ɗauka

Ni dai ban ɗauki Gropius waliyyi ba, kun dai ji tabonsa. Amma akwai abin da ya gani tun da wuri wanda har yau wasu ba su gani ba: wanda zai zana abu dole ya san kayan da za a yi shi da su da hannunsa, wanda kuma ya iya aikin hannu yana da haƙƙin ya yi tunani ya ƙirƙiro. Mu da ake yi wa kallon 'yan guduma saboda takardarmu difloma ce, ya kamata mu san cewa makarantar zane da ta fi kowace tasiri a ƙarni na 20 a kan wakshop aka gina ta, kuma kujerar da ta cika ofisoshin duniya daga kan keke ta fito.

Ɗaya darasin kuma mazauna Törten ne suka koyar da shi, da guduma, ranar da suka fasa bango suka sauko da taga. Inji yana iya buga gida 314 iri ɗaya, amma bai san tsayin mutumin da zai zauna a ciki ba, bai san ta ina rana ke fitowa ba. Yau injin ya canza kama, kwamfuta ce ke zane, wata na'urar ma ita ke yanka ƙarfen. Saboda haka ɗan'uwa, 'yar'uwa, idan an ba ka furojet, kafin ka buɗe kwamfuta ka je ka ga wanda zai yi amfani da abin, ka tambaye shi, ka auna zafin wurin da aljihunsa. Bangon gilashin da ya gagari mutanen Dessau da zafinsu na 'yan makonni, ka yi tunanin abin da zai yi wa mutum a watan Afrilu a garinku.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.